Yadda Ake Cin Abinci a Shagon Sinawa na Unguwa a New York

A Bronx da Harlem da Brooklyn da wuya mutum ya yi 'yar tafiya a ƙasa bai ci karo da ɗan shagon abincin Sinawa ba. Kusan duk kamarsu ɗaya: ƙofar gilashi, tebur biyu ko uku da ba kasafai ake zama a kansu ba, hotunan abinci jere a saman kanta duk sun koɗe, daga ciki kuma ƙugin wutar gas da ƙarar ludayi a jikin kasko. Matsayin mai shayi a unguwannin Kano ko Damagaram shi ne matsayinsu a nan. Suna buɗe bayan wasu sun rufe, har ranar Kirsimeti, farashinsu bai fi ƙarfin talaka ba, kuma ko ba daɗe ko ba jima yunwar dare za ta kai direban tasi da mai gadi da ɗalibi bakin kantarsu.

Baƙon da ya zo daga gida yakan yi ɗayan biyu. Ko ya ƙaurace musu ɗungurungum don tsoron naman alade, ko yunwa ta ciyo shi ya nuna hoto da yatsa ya karɓi duk abin da aka miƙo masa. Kowanne akwai asara a ciki. Wanda ya san inda aladen yake ɓuya, ya kuma san abin da zai faɗa a kanta, zai ci mai zafi ya ƙoshi da kuɗi kaɗan, zuciyarsa ba ta ɗar-ɗar.

Fara da sanin masu shagon

'Yan kasuwarmu da ke zuwa sari Guangzhou za su gaya maka cewa abin da ake dafawa a waɗannan shaguna ba shi ake ci a ƙasar Sin ba. Abincin Sinawan Amurka ne. Sun fara shigowa da yawa bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, su ne suka yi yawancin aikin ƙarfi a ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa ƙasar aka kammala a 1869, sannan a 1882 aka kafa dokar hana leburorinsu shigowa, wadda ba a soke ba sai 1943. Da aka toshe musu yawancin sana'o'i, wanki da guga da girki suka rage musu, sai suka dafa abin da Ba'amurke zai saya: suya, sukari, romo mai kauri. Da yawa daga masu shagunan New York na yanzu mutanen lardin Fujian ne, daga kewayen birnin Fuzhou, waɗanda suka yi ta zuwa tun shekarun 1980.

Amfanin sanin wannan a bakin kanta yake. Matar da ke karɓar oda baƙuwa ce kamarka, Turancinta na neman abinci ne, tana riƙe da waya a kafaɗa tana rubuta odar wani tana kuma ɗaure ledar wani. Yaron da ka gani yana aikin makaranta a teburin lungu wataƙila ɗanta ne. In ta yi maka magana a gajarce ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya yi mata yawa. Kai ma ka gajarta, ka faɗi abin da kake so dalla-dalla, ka yi godiya.

Zaɓen shago

Kafin ka tura ƙofa ka dubi gilashin. Tun 2010 hukumar lafiya ta birnin New York ke ba wa gidajen abinci maki bayan duba tsabta, kuma dole su manna takardar inda mai wucewa zai gani. Harafin A na wanda laifinsa bai wuce maki 13 ba ne, B daga 14 zuwa 27, C kuwa 28 zuwa sama. Masu A suna da yawa, don haka babu dalilin shiga mai C. Bayan takarda sai hanci da ido: in warin tsohon mai ya tare ka tun daga ƙofa, juya. In kuwa waya na ta ƙara, masu kai saƙo na shiga suna fita, to kayan miya ba sa kwana a wurin.

Abu na biyu da za ka nema shi ne alamar halal. Akwai shagunan abincin Sinawa na halal a Bronx da Brooklyn da Queens, kuma in ka tambaya a masallacin unguwarku bayan sallar Isha ba za ka rasa mai nuna maka ba. Wasu suna rubuta kalmar da Turanci ko Larabci, wasu da rubutun Sinanci 清真, alamar nan da masu zuwa Guangzhou suka saba gani a shagunan taliyar Musulmin Sin. In ka samu irin wannan, rabin abin da zan faɗa a ƙasa ya sauka daga wuyanka. Sai dai ka tambaya ko kicin ɗin gaba ɗaya halal ne ko kajin kawai, domin akwai masu sayen kajin halal amma suna dafa alade a gefe.

In babu na halal kusa, to ka yanke shawara tun kana waje, kada ka bari sai ƙamshi ya bugi hancinka. Malamai sun yi saɓani kan kaza da naman shanun da ba Musulmi ya yanka ba a ƙasashen nan, wannan kuwa malaminka za ka tambaya. Ni dai a irin wannan shago kan kifi da jatan lande da awara da kayan lambu nake tsayawa, tunda a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai dabbobin ruwa ba sa bukatar yanka. Amma fa gaskiya ɗaya ce: kicin ɗaya ne. Kaskon suna ɗauraye shi da ruwa da buroshi tsakanin girki da girki. Tukunyar mai kuwa ba a canja ta don odar mutum ɗaya. Mutanenmu da yawa suna ganin fukafukan kaza da soyayyen dankali su ne mafi aminci tunda ido na ganin ko mene ne, alhali a cikin man da aka soya su ake jefa abubuwan da aka cusa wa alade. Mai tsananin kiyayewa ya nufi abin da aka turara, shi ne mafi nisa daga wannan matsala.

Karanta takardar abinci

Ɗauki takardar da ke kan kanta ka koma gefe, kada ka tsaya nazari mutane na bayanka. Za ka ga abinci ya fi ɗari, kowanne da lambarsa, amma kada yawan ya ruɗe ka. Nama kala huɗu ko biyar ne da romo kala biyar ko shida ake ta juyawa. Gefen kowane suna akwai farashi biyu: ƙaramin mazubi mai suna pint, kusan rabin lita, da babba mai suna quart, kusan lita guda. Ƙaramin ya ishi mutum ɗaya, babban na mutum biyu ne ko mai son ajiye na gobe. Abin da aka rubuta da jan tawada ko aka zana barkono kusa da shi wai mai yaji ne.

Arahar tana wuri biyu. Na farko abincin rana na musamman, daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa 3 ko 4 na yamma, yawanci a kusa da dala goma gwargwadon unguwa. Na biyu faranti haɗaɗɗe, wanda lambobinsa kan fara da harafin C, ana samunsa har dare. Duka biyun nama ne da shinkafa da ɗan abin haɗawa a mazubi ɗaya. A nan kuma tarkon yake, domin in ba ka ce komai ba, shinkafar da za a zuba maka soyayyiya ce da naman alade, a ɗora maka wani soyayyen naɗin fulawa mai suna egg roll a kai. Wanda ya ce a ba shi kaza da burokoli ya yi shiru, ya sayi alade ta hanya biyu bai sani ba.

Wanda addininsa bai hana shi ba sai ya tsallake wannan wuri. Sauranmu kuwa mu haddace shi. Egg roll, naɗin fulawan nan mai kauri da ake soyawa, kabeji ne a ciki amma galibi da ɗan niƙaƙƙen alade. Wonton, ɗan ƙunshin fulawa mai nama a ciki, ko a cikin romo ko soyayye, cikinsa alade ne, haka ma ɗan'uwansa dumpling in ba an rubuta na kayan lambu ko na kaza ba. Spare ribs haƙarƙarin alade ne, ko da ƙashi ko babu. Duk abin da aka kira house special, shinkafa ce ko taliya, haɗin gambiza ne na kaza da jatan lande da gasasshen alade. Haka Singapore mei fun, siririyar taliyar shinkafa mai kori, da Young Chow fried rice. Romon hot and sour ma sau da yawa akwai siraran yankan alade a ciki. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne shrimp with lobster sauce. Sunan duk na dabbobin ruwa ne, amma babu lobsta a ciki, farin romo ne na ƙwai wanda bisa al'ada ake sa wa niƙaƙƙen alade. Ko romon ƙwai da ake kira egg drop yana da kyau ka tambayi da ƙashin me aka dafa ruwansa.

Sai giya. Girkin Sinawa yana amfani da giyar shinkafa da ake kira Shaoxing wajen jiƙa nama da haɗa romo. Ba kowane ƙaramin shago ke sa ta ba, amma ka faɗa. In a kan wuta ake zubawa za su iya bari. In tun safe aka haɗa ta cikin babban bokitin romo, babu yadda za su cire, kuma mai gaskiya zai gaya maka.

To me ya rage? Da yawa. Jatan lande da burokoli, jatan lande da romon tafarnuwa, soyayyiyar shinkafa ta kayan lambu ko ta jatan lande, gauta da romon tafarnuwa. Inda ka ga bean curd ko tofu, awara ce, irin wadda ka sani ta waken suya, sai dai a nan cikin romo ake dafa ta da kayan lambu, kuma tana riƙe ciki. Ka kula da ma po tofu kaɗai, shi da niƙaƙƙen nama ake yinsa. Can ƙasan takarda akwai sashen masu rage ƙiba, inda ake turara kayan lambu da jatan lande ba mai, a ba ka romo a ɗan kofi daban. A Bronx da yawansu har soyayyen filanten suke sayarwa saboda maƙwabtansu 'yan Dominika da Puerto Rico.

Mai son taliya ya ce lo mein, ita ce taliya mai laushi da aka juya a kasko. In ka ce chow mein a New York ba taliya za ka gani ba, albasa da kabeji da seleri ne cikin farin romo, da 'yar ledar ƙanzon fulawa a gefe. Mei fun siririya ce ta shinkafa, chow fun kuma mai faɗi.

A shagon halal za ka so ka ɗanɗana General Tso's chicken, tunda shi ne sarkin takardar. Wani kuku ɗan lardin Hunan mai suna Peng Chang-kuei ya ƙirƙiro shi a Taiwan a shekarun 1950, ya sa masa sunan wani janar da ya rasu tun 1885, bai taɓa ɗanɗana shi ba. Da abincin ya iso New York a shekarun 1970 sai aka ƙara masa sukari. Tsokar kaza ce da aka tsoma a ƙulli aka soya aka mulke da romo mai danƙo. Yara na sonsa ƙwarai. Harshen da ya saba da miyar kuka da yajin daddawa kuwa zai ji zaƙin ya yi yawa, haka sesame chicken mai riɗi da sweet and sour. Ni na fi ba baƙo shawarar ya fara da romon tafarnuwa, ko naman shanu da tattasai da albasa.

A bakin kanta

Ka faɗi lamba, ba suna ba, domin lamba ba ta da karin harshe. Sannan ka bi da sharuɗɗanka ɗaya bayan ɗaya, a gajarce: "white rice, no pork, no egg roll, no wine". Farar shinkafa a madadin soyayyiya ba ta ƙara kuɗi, kuma a madadin egg roll sau da yawa za su ba ka lemon gwangwani. Kada ka tsaya dogon bayani kan addini, layi na jira kuma ba lallai ta bi ka ba. In ka ga ba a fahimce ka ba, ka ajiye wannan rubutu a wayarka ka nuna: 不要猪肉, ma'anarsa ba na son naman alade. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ko riɗi ya faɗa a nan, musamman game da kung pao wanda gyaɗa ce adonsa. Mai son yaji ya ce "extra spicy", duk da haka ya tanadi yajinsa a gida, don nasu ba ya kai wa inda muke so.

Ka saurara ta maimaita odar. Za ta ce minti goma, kuma da wuya ya wuce haka sosai, saboda an yanka komai tun safe, wutar kuma mai ƙarfi ce ainun. In kana da lambar wayarsu, kira tun kana hanya ka iske leda na jiranka.

Wajen biya ka tuna farashin takarda bai haɗa da harajin ciniki ba, wanda a birnin New York kashi 8.875 cikin ɗari ne. Riƙe tsabar kuɗi, domin da yawansu ba sa karɓar kati sai ciniki ya kai dala goma. A wasu unguwanni akwai gilashi mai kauri tsakaninka da su, ta ɗan akwati mai juyawa za ka tura kuɗi abinci ya fito. Ba don kai aka sa shi ba, fashi ne ya koya musu. Tun 2023 kuma dokar birnin ta hana su jefa cokali da tishu da ƙananan ledojin romo cikin leda sai mai saye ya nema, don haka in a mota ko wurin aiki za ka ci, ka roƙa.

Kada ka fita sai ka buɗe ledar. Ɗaga murfin shinkafar ka duba. Gasasshen aladensu ba ya ɓuya: 'yan ƙananan yanka ne masu jan baki, ja kamar an shafa musu kala. In ka gan su, mayar cikin ladabi tun kana wurin, za a canja maka. In ka kai gida ka dawo, magana ta zama doguwa.

Maganar farin magi

Za ka ji ana cewa abincin Sinawa na sa ciwon kai saboda MSG, har wasu shaguna na rubuta cewa ba sa amfani da shi. MSG ɗin nan shi ne farin magi, Ajinomoto, wanda wani masanin Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano a 1908, wanda kuma yake cikin dunƙulen magin da muke jefawa a miya kullum. Tsoron ya samo asali ne daga wata wasiƙa da wani likita ya aika wa wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa yana cutar da jama'a a gwargwadon da ake ci ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana lissafa shi cikin abubuwan da ba su da haɗari. Abin ya fi kama da ƙyamar baƙi fiye da ilimin likita, kuma bai dace mu da muka san ɗacin irin wannan mu taya yaɗa shi ba.

Abin tsoro na gaske gishiri ne da sukari da mai. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ce "sauce on the side", a ba shi romon daban ya zuba kaɗan da hannunsa, ya zaɓi farar shinkafa ya kuma rage ta, ya bar lemon kwalba.

Lokacin ci

Abincin nan ba ya son jira. Abin da aka soya in ya daɗe a rufe tururi zai saki jikinsa, don haka da isarka ka buɗe murfi. Ledojin da ka roƙa kala uku ne. Baƙin na waken suya ne, gishiri zalla, a yi hankali da shi. Mai ruwan lemo shi ne duck sauce, babu agwagwa a ciki, 'ya'yan itace ne da sukari. Rawayan kuwa mastad ne mai hawa hanci, ɗan kaɗan ya isa. Cokali mai yatsu ko hannunka duk daidai ne, ba wanda zai tambaye ka tsinken cin abinci.

Ɗan biskit ɗin nan mai lanƙwasa da takarda a ciki ba al'adar ƙasar Sin ba ce, daga Japanawan Kalifoniya ya yaɗu. A masana'anta ake buga takardun dubbai, da 'yan kalmomin fatan alheri da lambobin caca. Ci biskit ɗin, takardar ka jefa a shara.

In kawo maka za a yi har gida, ka kira shagon kai tsaye in suna da mai kai saƙo. Manhajoji irin su Uber Eats da DoorDash suna yankar kasonsu, farashin ciki kuma yakan ɗara na kanta, sannan a waya ka fi samun damar jaddada maganar alade. Tukwicin mai kawowa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne, ka ƙara in ana ruwa ko ƙanƙara. Da yawa daga masu tuƙa kekunan nan 'yan Afirka ta Yamma ne, wasu ma da su kake sahu ɗaya ranar Juma'a. In da ƙafarka ka je, tukwici ba dole ba ne, amma dala ɗaya a gwangwanin kan kanta tana sa a riƙe fuskarka, kuma ranar da aka riƙe ta ba sai ka sake cewa "no pork" ba, ita za ta riga ka faɗa.

Abin da ya rage

Kusan kullum sai an rage, kuma a nan mutane ke cutar da kansu su ɗora wa shago laifi. Dafaffiyar shinkafa na iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta yini ko ta kwana a kan tebur, ƙwayar na fitar da gubar da ɗumame ba ya karyawa, sai amai da gudawa. Kada ragowar ta wuce awa biyu a waje. Sa ta a firji, ka cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, mai jatan lande kuwa gara washegari. Mai niyyar yin sahur da abin da ya rage na buɗa-baki ya kula da wannan sosai.

Farin kwalin nan da ake zuba shinkafa, wanda aka yi wa rajista a Chicago tun 1894, wani lokaci yana da mariƙin waya. Cire wayar kafin ka sa a maikirowef, mazubin gwangwani kuwa kada ya shiga sam. Juye a faranti, yayyafa wa shinkafar ruwa cokali ɗaya ko biyu, rufe, ka ɗumama har tururi ya tashi daga tsakiyarta ba gefe kawai ba. Taliya da soyayyiyar kaza sun fi dawowa daidai a kasko da ɗan mai. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa firji.